Warƙa Bakwai a Cikin Adaka

Wannan babin na fi shekara ina kewaye shi. Na rubuta muku gidanmu na Rano, na rubuta zuwana Kibiya, na rubuta haihuwar kowannenku, amma da na iso shekarar da Baffanku ya rasu sai in rufe littafin in ce gobe. Yanzu idona ya fara gajiya, kuma akwai maganar da ta zauna a karkace a gidan nan, ni ce na karkata ta. Kabiru, kai na fi nufi. Tun washegarin jana'iza kake riƙe da cewa yayarku ta bar mahaifinta a kan tabarmar ciwo ta tafi neman takarda, kuma tun daga ranar babu abin da ke haɗa ku sai gaisuwar Sallah. Ƙannenka a bakinka suka ji, suka ɗauka. Ina so ka karanta har ƙarshe kafin ka ce komai.

Ba zan rubuta sunanta ba, kun san dalili. Ita ce 'yar farina, kuma a gidan da na shigo kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Dangin Baffanku masu shanu ne da suka zauna a Nariya, ko da yake noma ya fi yawa a hannunsu yanzu. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ba ta dawo wurina ba sai da ta isa shiga aji uku. Shi ya sa ku kuke ce min Umma, ita take ce min Adda, yadda ta ji ƙannen Baffanku suna kirana. Ban taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba, ban taɓa yabonta ta ji ba. In ina son ta miƙo min abu sai in ce, "Ke, miƙo ludayin can." Baffanku kuwa ya samu mafita, tunda sunan mahaifiyarsa aka sa mata, sai yake ce mata Uwata, su zauna su yi ta hira kamar abokai. Ni ina daga bakin murhu ina ji. Na faɗi wannan ne don ku gane cewa a shekara ashirin da bakwai ni da ita ba mu taɓa yin doguwar magana ba.

A shekarar tana ƙarasa digirinta na biyu a fannin fiziks. An ba ta gurbin ci gaba da karatu a ƙasar waje, da sharaɗin ta miƙa cikakken aikinta ga farfesan da ke duba ta kafin wata rana da aka yanke, wadda a lissafinmu ta zo daidai da yankan gero. In ranar ta wuce, gurbin ya wuce. Ana cikin haka ciwon zuciyar Baffanku ya tashi, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Kai Kabiru kana bautar ƙasa a kudu, ƙannenka suna makarantar kwana. Sai ta tattaro takardunta ta dawo Kibiya a farkon damina, ta ce za ta yi jinya ta yi rubutu tare. Ɗakin soro na kusa da rumbu muka ba ta. Wuta ba ta zama a garin nan, don haka da hannu take aikin, sai in an samu caji ta kwafe a kwamfuta. Ta yi tari biyu na takardu a kan ƙaramin teburi, kowane tari da dutsen da ya danne shi, kowace warƙa da lambarta a kusurwa. Ni na gama sakandare, na kuma so lissafi a lokacina, amma in na shiga shara na leƙa, abin da nake ganewa bai wuce alamar tarawa da ta ɗebewa da lambobin kusurwa ba. Na dai lura da abu ɗaya, tarin nan biyu kamar tagwaye suke. Warƙa ta tara a wannan, ita ce warƙa ta tara a wancan, layi bisa layi.

Wata Talata aka ce a kai Baffanku asibiti a Kano a sake duba shi, za su kwana huɗu. Ita ta tafi da shi, ni na zauna da gida da dabbobi. Tana saka takalmi a bakin zaure ta juyo ta ce,

"Adda, rufin ɗakin nan yana ɗiga ta wajen taga. In hadari ya haɗu, a rufe min teburin da leda."

Na ce, "To."

Washegari na tafi Rano barkar haihuwa, na manta. Ina can hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da na dawo da la'asar na buɗe ɗakin, indararo ya toshe, ruwa ya bi bango ya sauko ta gefen teburin. Tarin da ke kusa da taga ya jiƙe ta gefe ɗaya. Na shanya takardun ɗaya bayan ɗaya a kan gadona, yawancinsu suka bushe ana karantawa, amma warƙa bakwai daga tsakiya tawadarsu ta narke ta zama shuɗin ruwa kawai.

A nan ne na yi abin da na yi, kuma ina so ku san daga ina ya fito. Mahaifina malamin zaure ne a Rano, littattafansa na warƙa-warƙa ne, ba a ɗinke suke ba, a cikin gafaka ake ajiye su. In gara ta ci warƙa ko mai ya zuba a kanta, sai ya aike ni in ɗauko wani kwafin littafin, mu zaro warƙar da ta yi daidai mu cike gurbin. Karatun ɗaya ne, ba ya canzawa daga kwafi zuwa kwafi. Da wannan ilimin na tsaya a gaban teburin yayarku. Na ce a raina, ashe shi ya sa ta yi biyu, don irin wannan rana. Na zaro warƙa bakwai masu lambobi iri ɗaya daga tarin da bai jiƙe ba, na saka su a gurbin waɗanda suka lalace, na daidaita gefen, na mayar da dutsen. Sauran tari na biyun kuwa, tunda yanzu yana da giɓi kuma giɓin zai tona ni, sai na haɗa shi da bakwai ɗin da suka narke na kai ƙasan adakata, ƙarƙashin zannuwa. Ban ɗauka ɓarna na yi ba. Na ɗauka gyara na yi, abin da nake ɓoyewa mantuwar leda ce kawai.

Da suka dawo ta shiga ɗakin, ta fito.

"Adda, ina ɗaya tarin?"

Na ce, "Ruwa ya shiga ɗakin. Wannan ne ya tsira."

Ta ce, "Alhamdu lillahi da wannan ne ya tsira, shi zan miƙa dama." Ba ta tambaye ni ledar ba. Maganata babu ƙarya a kalmominta, amma ƙarya ce, kuma na san haka tun tana fita daga bakina.

Sati biyu bayan nan na fara ganin canji. Ta daina cin tuwon rana. Sai ta zauna da takardun tun bayan ta ba Baffanku maganin safe har azahar, ta juya, ta koma farko, ta sake juyawa. Na ji ta a waya da farfesan, tana cewa ta bi kowace warƙa ba ta ga kuskure ba, amma jimillar da ya kamata ta ba da sifiri ta ƙi ba da sifiri. Ban san abin da ya ce mata ba, na dai ga ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon bangon rumbu.

Baffanku kuwa, tun da likita ya hana shi gona, hannunsa ya ƙi zama. Ya sa aka kawo masa rama, yake zama a gindin darbejiyar tsakar gida da ƙafafu a kan matashi, yana tufkar igiyar ɗaure awaki. Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa kusa da su, ta fito ta zauna a gefen tabarmarsa, ya dube ta ya ce,

"Uwata, shekara nawa kenan kina karatun abin da ba a gani? Ko aljani an fi saurin ganinsa. Yau sai kin gaya min abin da ya hana ki cin tuwo."

Ta yi murmushi, ta ɗauki guntun igiyar da ya gama, ta riƙe ta a tsaye.

"Baffa, murɗin igiyar nan wane gefe ya hau?"

"Dama mana. Ni ba bahago ba ne."

"To, bari in kifa ta." Ta juya igiyar, kai ya koma ƙasa. "Yanzu fa?"

Ya ɗan matso da ido. "Dama dai."

"Duk yadda ka juya ta, dama ce. Adda, ara min madubinki."

Na tashi na ɗauko. Ta kanga igiyar a gaban madubin, ta cikin madubin kuwa murɗinta hagu ya hau. Baffanku ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce shekara hamsin yana tufka bai taɓa nuna wa igiya madubi ba. Daga nan ta yi masa bayani, ni kuma na daina tsintar shinkafa ba tare da na sani ba. Ta ce ƙananan ƙwayoyin da Allah ya gina komai da su, waɗanda suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, su ma suna da abu mai kama da murɗin nan, akwai na hagu akwai na dama. A lissafi akwai alamar da ake rubuta su da ita, sifino ake ce mata, ita ce ke ɗauke da murɗin. Ta ce abin mamaki shi ne ɗaya daga cikin ƙarfafan da ke tafiyar da ƙwayoyin nan yana zaɓe, na hagu yake kamawa ya ƙyale na dama. Masana irin farfesanta kuma suna neman su nuna cewa ƙarfafan nan uku asalinsu ɗaya ne, don haka dole su zuba ƙwayoyin duka a kwando ɗaya, kwandon kuwa ba ya karɓar murɗi biyu.

"To na daman fa, a zubar da su?" in ji Baffanku.

"A'a. Kowace ƙwaya tana da takwara mai akasin cajin lantarkinta da akasin murɗinta. In ka tashi rubuta ta dama, sai ka rubuta takwararta ta hagu a madadinta, magana ɗaya ce. Sai dai duk inda akwai tarawa ya koma ɗebewa. Wasu marubutan sun zaɓi su mayar da kowa hagu, wasu sun mayar da kowa dama. Duka daidai ne. Misali, a wani ƙaramin kwando akwai ƙwaya uku masu cajin sulusi-sulusi, da ɗaya mai guda cur. A tsarin hagu, sulusi ukun tarawa ne, gudan ɗebewa, ka ga sifiri. A tsarin dama, sulusi ukun ɗebewa ne, gudan tarawa, sifiri dai. Amma in ka ɗauko sulusin daga wannan tsarin ka ɗauko gudan daga wancan, biyu za ka samu."

"Yo ai wannan tsohon zance ne," in ji shi. "Jauro na Lausu bahago ne, igiyarsa ta fi tawa ƙarfi. Amma ka ɗauko zarensa ka sa a tsakiyar tufkata, akuya ɗaya za ta ja ta warware. Ke wanne kika bi?"

"Duka biyun na yi, Baffa, don littattafan da na dogara da su biyu ne, kowanne da tsarinsa. Tari ɗaya hagu, tari ɗaya dama, in gwada su. Na daman ne ruwa ya ci."

"Kuma a kowace takarda kina rubuta wanne ne?"

"A warƙar farko kawai. Kamar niyya ce, ba a sake ta a kowace raka'a."

Ban san yadda farantin shinkafar ya kasance a hannuna bai faɗi ba. Na tashi na shiga madafa na tsaya. Babu wanda ya gaya min, amma na gane sarai, zaren Jauro bakwai na saka a tsakiyar igiyarta. Shi ya sa kowace warƙa take daidai in ta dube ta ita kaɗai.

Yanzu ga wurin da ya hana ni rubuta babin nan. Da a ce a ranar na buɗe adaka, da labarin bai kai a rubuta ba. Ban buɗe ba. Kwana goma sha ɗaya na yi da sanin nan a cikina. Da farko na ce kunya ce, yaya zan tsaya gaban 'yar fari in ce na yi mata ƙarya. Amma ina sallah ina jin wata murya a ƙasan kunyar, kuma ita ce ta gaskiya. In lissafin bai fito ba, ba za ta tafi ba. Ita ce ta san lokacin kowane magani, ita ce ke gane maganar likita, ita ce in ta shigo fuskar Baffanku ke sakewa. Kuma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, a daminar nan ne karo na farko tun girmanta da na samu 'yata a gidana, tana wanke-wanke ina ɗauraya, ko ba ma magana. Ba na so ya ƙare. Na riƙa gaya wa kaina cewa ai ban hana ta komai ba, shiru kawai na yi. A cikin kwanakin nan ta rame, gero ya fara sunkuyar da kai a gonakin bayan gari, kuma na ji ta tana gaya wa Baffanku cewa wataƙila tun asali tunaninta ne ba daidai ba, wataƙila ba ta kai matsayin da ake zato ba.

Wannan kalmar ce ta karya ni. Rashin tafiya zan iya ɗauka a ce ƙaddara ce. Amma yarinyar da tun tana aji uku take gyara wa malaminta lissafi ta zauna tana cewa kanta ne bai kai ba, alhali hannuna ne, wannan ba ƙaddara ba ce, zalunci ne, kuma za a tambaye ni. Ranar Alhamis da safe ta ce za ta kira farfesan bayan azahar ta gaya masa ta haƙura. Na gama dama kunu, na wanke hannu, na shiga ɗaki na ɗaga zannuwan. Tana zaune a bakin ƙofarta tana jiƙa wa Baffanku magani. Na ajiye takardun a gabanta, bakwai ɗin da suka narke a sama. Ban iya zama ba, a tsaye na yi maganar, ina kallon dutsen teburinta.

"Ke. Ban rufe da leda ba, na manta. Bakwai suka lalace a tarinki. Na ciro bakwai daga wannan na saka. Daga ta goma sha takwas zuwa ta ashirin da huɗu."

Ta shiga ta ɗauko tarin, ta zaro ta goma sha takwas, ta ɗora ta kusa da ta goma sha bakwai, ta bi da yatsa. Na ga yatsan ya tsaya a wani wuri. Ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta tambaye ni abin da nake tsoro.

"Adda, yaushe kika gane?"

"Ranar igiya."

Ta ƙirga a ranta, na ga leɓenta yana motsi. "Kwana goma sha ɗaya."

"Sha ɗaya."

"Me ya sa?"

Na ce, "Ba na so ki tafi."

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mata a kan abin da ke raina, kalma biyar. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da 'yar fari ba ta yi wa uwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo min kofin maganin ta ce in kai wa Baffa, ta ja labulen ɗakinta.

Kwana uku ta yi tana sake warƙa bakwai ɗin a tsarin hagu. Ranar Lahadi da hantsi ta fito da takarda ɗaya ta nuna wa Baffanku ƙasan shafin. Ya ce shi bai ga komai ba sai ƙwai guda. Ta ce ai ƙwan ake nema. Ta tafi Rano inda ake samun sabis mai ƙarfi ta tura aikin, saura kwana biyar wa'adin ya cika. Da yamma ta dawo, muna zaune mu uku, sai ta ce ta tura ne don kada aikin ya tafi a banza, amma tafiya ba za ta yi ba, za ta rubuta musu su ba wani gurbin.

Baffanku ya jira sai da ta tashi. Na riga na gaya masa komai tun ranar Alhamis, bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi ashe malamin zaure ya koya min abin da ya fi ƙarfina. Yanzu ya ajiye ramar ya ce min,

"Ni in na ce ta tafi, za ta ce kara nake mata. Kullum ina lallashinta, maganata ba ta da nauyi a nan. Ke ba ki taɓa neman komai a wurinta ba. In kin faɗa za ta ji."

Na ce, "Malam, in ta tafi, kai fa?"

"Ni inda za ni ba ta iya raka ni, ko tana nan ko ba ta nan. Kin riƙe ta kwana goma sha ɗaya. Ki biya."

Washegari bayan ta ba shi maganin safe na same ta a bakin rijiya. Na ce mata ta shirya kayanta. Ta ce ba za ta iya ba. Na ce ba shawara nake ba ta ba, umarni ne na uwa, in ta ƙi ta saɓa min, kuma ta san hukuncin wannan. Na ce maganin Baffanta ta rubuta min lokutansa a takarda da manyan baƙaƙe, na yi sakandare, zan iya. Ta saki gugan a cikin rijiyar, sai da muka nemo ƙugiya daga maƙwabta. Ka ji yadda aka yi, Kabiru. Ba ta nemi tafiya ba. Sau biyu ta ƙi, ni na kore ta, da yardar mahaifinku.

Sai da ta yi sati shida tana zirga-zirgar kare aikin a gaban malamanta da neman takardun tafiya, tana dawowa Kibiya duk Juma'a. Ranar da za ta tafi gaba ɗaya Baffanku ya ba ta guntun igiyar nan da aka nuna wa madubi, ya ce ta kai wa masanan can su ga aikin Nariya. Ni na raka ta har bakin titi. Muna jiran mota ta ce,

"Adda, maganar takardun nan ta tsaya tsakaninmu. Kada su Kabiru su ji."

Na ce, "Za su ce ke kika zaɓi tafiya."

"Su ce. Gara su ce haka da su ji kin yi ƙarya. Ni ina nesa, ke kina cikinsu."

Na karɓi wannan kyautar, kuma bai kamata in karɓa ba. Kwana goma sha tara da tafiyarta Baffanku ya cika, ranar Laraba bayan la'asar, kansa a cinyata, an gama ɗaure gero. Ban saɓa lokacin magani ko sau ɗaya ba, takardar tana nan. Kai ka iso washegari an riga an kai shi, ka tambayi inda take, aka gaya maka, ka faɗi abin da ka faɗa a tsakar gida a gaban mutane. Ina zaune a kan tabarmar takaba ina ji. Kalma ɗaya daga bakina da ta wanke ta, ban faɗa ba. Wannan shi ne shiruna na biyu, kuma ya fi na farko tsawo, don yau shekara tara kenan.

Ita ba ta taɓa tayar da maganar ba. Tana koyarwa yanzu, ta ce min abu na farko da take sa ɗalibanta su yi shi ne su rubuta a saman kowane shafi, ba na farko kaɗai ba, ko hagu suke bi ko dama. Da ta gaya min haka a waya dariya ta yi, ni ban iya ba. Na kira ta kafin in fara babin nan na ce zan warware alkawarin bakin titi. Ta ce ba sai na yi ba. Na ce wannan ma ba shawara ba ce.

Warƙa bakwai ɗin suna ƙasan adakata har yanzu, ƙarƙashin zanen saƙi, babu abin da ake karantawa a jikinsu sai lambobin kusurwa. Duk wanda ya yi shakka a cikinku ya ɗaga ya gani. Ban rubuta wannan don a tausaya min ba, na nemi gafarar Allah, na nemi tata, taku ce ta rage. In akwai fushin da za a riƙe a kan wanda bai tsaya wa Baffanku da gaskiya ba a shekarar nan, ga ni a gida, ba sai an kai shi ƙasar waje ba.

Kabiru, in ka gama karantawa kada ka zo wurina tukuna. Ka kira yayarka. Bayan la'asar ɗinmu take fitowa daga aji. In ta ɗauka kada ka fara da gaisuwar Sallah, ka kira ta da sunanta na yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Ni na zaɓa mata shi tare da Baffanku, kuma ban taɓa iya faɗarsa ta ji ba.